Mushe Lawali, Malamin da Ya Tsaya Mini a Ƙofa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina kasuwar dabbobi ta Tasawa, na tsuguna ina duba kofaton wani bijimi, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Mariyama ce, ɗiyar Mushe Lawali. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Yaya Sambo, Baba ya tahi."

Na ce, "Ya tahi ina?" Wallahi abin da ya fito bakina ke nan. Sai da na jiyo kukan mata a bayanta sannan na gane.

Mai bijimin ya ga na zauna a ƙasa, ya zare igiyar daga hannuna, bai tambaye ni komai ba.

Yanzu ina tasha ina jiran mota ta cika. Ku yi haƙuri da rubutun. Amma ba zan iya yin shiru ba. Da yawa cikinku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi kuma, yawanci abin da suka sani shi ne wani tsoho mai ido ɗaya da ke zama gindin itacen bedi a garin El Allassane Maireyrey yana faɗa da awaki.

Ni na san inda ɗayan idon ya tafi. Ina bayansa lokacin.

Malaminmu ne na siyans, wato kimiyya, a kwalejin da ke can bayan gari, tun gari bai kai wurin ba. Mu nan "Mushe" muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Faransanci muka ɗauko kalmar muka lanƙwasa ta yadda bakinmu zai iya. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu, da guntun alli a aljihu. Yana da wani tsohon keke mara birki, da ƙafa yake tsayar da shi. Tun daga nesa in ka ji takalmi na jan ƙasa, ka san Mushe ya iso.

Ni ɗan Fulani ne, daga wata ruga arewa da Gidan Amumune. Ni kaɗai aka sa lakwal a gidanmu. Da na ci jarrabawa aka turo ni Tasawa, ban san kowa ba. Hausata ta kasuwa ce, a karkace take, in na buɗe baki sai kilas ta kwashe da dariya. Sai na daina buɗewa.

Mushe ya lura. Bai kira ni gefe ya yi mini nasiha ba. Wata rana ya shigo da ciyayi cike da hannu ya zube kan tebur, ya ɗaga ɗaya.

"Wannan da Hausa ƙarangiya ce, sunanta na Faransanci ga shi a allo. Sambo, ku me kuke ce mata?"

Na faɗa can ƙasa-ƙasa. Ya maimaita, ya dagula kalmar gaba ɗaya. Aka yi dariya, amma wannan karon shi ake yi wa.

"Kun ji ko? Ni ma bakina a karkace yake in na shiga harshen wasu. Sake faɗa mini, Sambo, har in iya."

Daga ranar na fara ɗaga hannu a kilas.

Ranar Juma'a bayan masallaci yakan tare mu, mu 'yan ƙauye da ba mu da kowa a gari, ya ce mu zo gida mu taya shi gyaran keke. Muna zuwa sai mu tarar Madam Zara, matarsa, ta dama hura cike da ƙwarya. Mu sha mu ƙoshi, mu ɗan taɓa sarƙar keken, mu tafi. Keken nan bai taɓa gyaruwa ba. Sai da na girma na gane ba a so ya gyaru.

Sai fari ya zo.

Zamanin soja ne, waɗanda suka ga lokacin ba sai na ba su labari ba. Damina ta yaudari mutane, hatsi ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe. Kuɗin tallafin da ake ba ɗalibai ya daina zuwa kan lokaci. Abincin lakwal ya koma jar dawar agaji, sau ɗaya a yini, wani lokacin ko gishiri babu. Za ka ga yaro zaune a kilas idonsa kan allo, amma ba ya nan.

A arewa shanu suka fara faɗuwa. Baffa, mahaifina, ya kwaso abin da ya rage masa ya gangaro kudu da Inna da ƙannena, tare da wasu gidaje. Suka rasa wurin sauka sai fagen da ke bayan lakwal ɗinmu, saboda akwai rijiya kusa. Gidan da na baro can nesa sai ga shi ya biyo ni har bakin katanga. Daga tagar kilas ina hango Inna tana tafasa ganye a bakin bukka, ina hango shanun Baffa ana iya ƙirga haƙarƙarinsu.

Ba zan ɓoye ba, na ji kunya. Yaro ne ni.

Mushe kuwa ya taka har can ya gaishe su. Ya roƙi darakta a bar matan ruga su ɗebi ruwa a rijiyar lakwal in an tashi.

A shekarar ne gwamnati ta ce kowa ya kama noman rani. Aka ce kowace lakwal ta yi lambu, aka ɗora wa Mushe Lawali. Ya ɗauki abin kamar ransa. Shi ya auna fangali, shi ya raba iri: kabeji, salati, tumatir, dankali. Mu muke jan ruwa da guga safe da yamma, hannuwanmu suka yi kanta, wasu suka tsage. An yi mana alkawari duk abin da lambun ya ba da tukunyarmu zai shiga. Yaran da suka kwana da yunwa sukan tsaya bakin shinge suna kallon kabeji yana naɗewa, kamar yadda ake kallon ɗan da ya fara tafiya.

In an yi shara a lambun, ganyen da za a zubar Mushe yakan tara a buhu ya ce in kai wa Baffa.

Saura kaɗan a fara yanka, wata safiya muka iso muka tarar da shinge a ƙasa. Shanu sun shiga kafin gari ya waye. Ba su bar komai ba. Abin da ba su ci ba sun tattake.

Shanun Baffa na ciki, da na wasu. Ba zan ce ba su ciki ba. Baffa na kwance da zazzaɓi, ƙanena da aka bar wa tsaro barci ya ɗauke shi, dabba mai yunwa kuwa ta ji ƙanshin ɗanyen ganye.

Muka tsaya bakin shingen muna kallo. Na ga manyan samari 'yan ajin ƙarshe suna kuka ba su damu da a gan su ba. Wani ya tsuguna yana tono guntun dankali da yatsu yana kaiwa baki da ƙasarsa.

Sai wata murya ta ce, "Ga ɗansu nan."

Duk suka juyo.

Ban san wanda ya fara ba. Na ji duka a kafaɗa da ƙotar kwasa, na faɗi, na tashi. Wani yaro Bafillatani ɗan ƙaramin aji da ke kusa da ni aka karya masa hannu nan take, na ji ƙarar ƙashin. Na ruga. Fuskokin da ke bina ba baƙi ba ne. Har da Sa'adu, wanda muke zama benci ɗaya, wanda nake ara wa alƙalami. Ya ɗauki ɓaraguzan bulo daga ginin ajin da ba a gama ba, bakinsa buɗe, yana ihu kamar bai taɓa ganina ba.

Na faɗa ɗakin da muke ajiye kayan lambu. Ƙofarsa ta daɗe da ɓallewa, ba abin da zan rufe. Na maƙale a lungu bayan gugaye. Duwatsu na faɗowa kan kwano kamar ƙanƙara. Wasu na cewa a fito da ni, wasu na cewa a tafi rugar a sa wuta. Na yi kalmar shahada.

Sai na ji takalmi na jan ƙasa, na ji keke ya faɗi.

Haske ya ragu a ɗakin. Mushe ne ya tsaya a ƙofa, ya ba ni baya, ya dafa gefe da gefe da hannuwansa.

Bai yi tsawa ba. Da muryar da yake koyarwa ya yi magana.

"Ni na fara sa kwasa a wannan ƙasa kafin kowa cikinku. In akwai mai kuka yau, ni ne na farko. Na san kuna jin yunwa. Amma yaron nan tare da ku ya ja ruwa, ku dubi hannuwansa in kun manta. Ba mai shiga nan sai ta kaina."

Na gaba suka ɗan tsaya. Na baya ba su ji shi ba, ko sun ji ba su iya tsayawa ba. Jifa ta ci gaba. Dutse ɗaya ya same shi a ƙirji, bai motsa ba. Sai na ji wata ƙara da har yau ban iya kwatanta ta, kansa ya yi baya, hularsa ta faɗo kusa da ƙafata.

Bai saki ƙofar ba.

Na ga jini na bin gefen wuyansa yana sauka cikin farar rigar. Ina gani daga baya, hannuwan nan suna nan inda ya sa su.

Jifa ta tsaya. Na ji ana zubar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "To, an samu jini. Ya isa ko? Ku ɗauki yaron can da ya karye ku kai shi likita. Sauran ku koma kilas."

Sannan ya miƙo hannu baya, bai juyo ba. "Sambo, kama ni. Ba na gani sosai. Kai ni wurin su Baffa."

Na ce, "Mushe, likita za mu."

"Wasu sun tahi can da wuta. Kai ni."

Haka muka ratsa tsakiyar filin lakwal, hannunsa a kafaɗar da aka buge ni, ɗaya hannun a kan idonsa na hagu, jini na fita tsakanin yatsu. Yara na darewa suna ba mu hanya. Da muka isa ruga an riga an cinna wa bukkar wata tsohuwa wuta, mata na ihu, Baffa ya fito da sanda yana tangaɗi don zazzaɓi. Waɗanda suka zo da wutar suna ganin fuskar Mushe suka tsaya kamar an dasa su. Wasu suka gudu, wasu suka kama zuba ƙasa a kan wutar da suka kunna da hannunsu.

Inna ta cire kallabinta ta ɗaure masa ido. Nan ne ya yarda ya zauna.

Kafin azahar motar jandarma ta iso. Zamanin nan in ɗalibai suka taru suka ɗaga murya, ba a cewa yara ne suka yi fushi. Cewa ake wani ne ya zuga su don a taɓa gwamnati. Aka tara duk mazan lakwal aka sa su gwale-gwale cikin rana, mai laifi da mara laifi, ana tsula musu bel. Aka kwashe Baffa da sauran makiyayan, aka kora shanun aka kulle.

Washegari aka kai ni likita wurin Mushe, wai ni shaida ne. Yana kwance, rabin fuskarsa a naɗe. Kumandan jandarma ya ja kujera ya zauna kusa da gadon, ya ɗora hularsa kan gwiwa. Da Faransanci suka yi, amma na ji komai.

"Ka ga wanda ya jefe ka?"

"Na gan shi."

"Sunansa?"

"Ɗalibina ne."

"Sunansa na tambaye ka."

"Kumandan, in na ba ka shi ba zai ƙara ganin cikin kilas ba, ni da kai mun sani. Ni aikina in riƙe su a lakwal. Ba zan faɗa ba."

"Ka san zan iya rubutawa sama cewa ka ƙi ba hukuma haɗin kai?"

"Rubuta. Nawa sunan dai ka san shi."

Sannan ya ƙara da cewa lambun a hannunsa yake, shi kuma bai kai ƙarar kowa ba, don haka yana roƙo a saki makiyayan su je su ji da abin da ya same su.

Kumandan ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juyo kaina.

"Kai fa? Su wa suka buge ka?"

Sunayen na kan harshena. Kafaɗata na zogi, Baffa na kulle, zuciyata cike take fal. Ina so in ce Sa'adu, ina so ƙwarai. Na dubi Mushe. Bai yi mini alama ba, bai ko juyo ba, yana kallon rufi da idon da ya rage.

Na ce, "Abin da Mushe ya ce."

Kumandan ya miƙe ya sa hularsa ya fita.

An kai shi Maradi, amma idon bai tsira ba. An saki su Baffa bayan 'yan kwanaki, sai dai wasu shanun sun mutu a inda aka kulle su. Kuma bai ceci kowa da kowa ba: an kori wasu yara da aka samu sunayensu ta wata hanya. Da ya dawo, da bandejin a fuska, ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis yana roƙo a mayar da su. An mayar da wasu, an ƙi wasu. Waɗannan da aka ƙi sun tsaya masa a rai. Na sha jin yana ambaton su fiye da yadda yake ambaton idonsa.

Baffa ya yanke shawarar ya ƙara gaba kudu da abin da ya rage, kuma ya ce da ni za a tafi. Ya ce ba zai bar ɗansa wurin da aka nemi kashe shi ba. Ni ma ban ƙi ba, na riga na ɗaure kayana.

Sai ga Mushe da yamma, a ƙasa, don ya daina hawa keke. Ya cire takalmi ya zauna kan tabarma. Na ce, "Baffa, ga Mushe ya zo."

Baffa ya ɓata rai. "Kai, daina kiran mutumin nan haka. Mushe shi ne abin da na baro zube a hanya tun daga arewa. Wannan mai rai ne. Malam, sannu da zuwa."

Mushe ya yi dariya har ya dafe bandejin. Ita ce dariyarsa ta farko da na ji tun ranar.

Baffa ya ce, "Malam, shanuna suka ci lambunka, ɗana ya ci idonka. Ban san da wane baki zan yi maka magana ba."

Ya ce, "Baffa, yunwa ce ta ci duka biyun. Ni abu ɗaya na zo roƙo. Ka bar mini Sambo. A ɗakina zai kwana, abin da ɗiyana suka ci shi zai ci. In ka tahi da shi yanzu, abin da zai riƙe game da mutanen gari shi ne ranar nan kaɗai. Su ma abin da za su riƙe ke nan."

Sai aka kira magariba, Baffa ya miƙe ya yi alwala. Da suka idar da salla ya ce, "Na ba ka shi. Amma ba zan tashi ba sai na mayar maka da shingenka."

Haka aka yi. Baffa, bai gama warwarewa ba, ya shiga daji yana saro ƙaya. Mushe ya fito da 'yan kilas ɗinmu suna jawowa, Baffa na nuna musu yadda ake kitsa ta yadda ko akuya ba za ta ratsa ba. Yaran da suka je ƙona masa bukka suna cewa "to, Baba" in ya gyara musu. Da aka gama ya kora 'yan shanunsa suka tafi.

Lokaci ya ƙure wa kabeji, sai muka shuka abin da zai yi saurin fitowa. Mushe ya raba mu biyu-biyu a kowane fangali. Da ya zo kaina ya ce, "Sambo da Sa'adu." Bai dubi ko ɗayanmu ba.

Mun daɗe muna jan ruwa da igiya ɗaya ba mai ce wa wani kanzil. Wata rana guga na tsakiyar rijiya Sa'adu ya ce, idonsa ƙasa, "Kafaɗar ta warke?"

Na ce, "Ta warke."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa kan maganar ke nan, har yau. Shi ne mutum na biyu da ya kira ni da safen nan. Ba zan ce duka muka zama aminai ba. Akwai wanda har gobe in muka haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Ban riƙe shi ba.

Na ƙarasa shekarar a gidan Mushe. Madam Zara ba ta taɓa bambanta ni da nata ba, har faɗan ma daidai take raba mana. Mariyama lokacin tana rarrafe, a bayana ta yi wayo.

Da aka yi hutu takarda ta zo, an tura shi can gabas mai nisa, wurin da ba mai son zuwa. Ba a faɗi dalili ba, kowa ya sani. Bai yi ƙorafi ba. Ya kai ni gidan wansa ya damƙa ni hannu da hannu, ya ce, "Wannan amana ce aka ba ni, na ba ka." A can na zauna har na ci jarrabawa na wuce makarantar aikin dabbobi. Duk direban da ya fito daga gabas sai ya neme ni ya ce wani malami mai ido ɗaya na tambaya ko ina karatu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin daminar da ta wuce ne. Aikin rigakafi ya kai mu wajen El Allassane, inda ya koma tun da ya yi ritaya. Na bar abokan aiki na shiga gari. Yana gindin bedin nan, ya rame, ɗayan idon ma ya fara hazo. Na yi sallama kawai.

"Sambo! Ka zo daidai. Akuyar nan ta ƙi cin abinci, kuma ta cinye mini zogale. Duba ta."

Ko ruwa ban sha ba ya sa ni duba awaki, yana tsaye kaina yana yi mini tambayoyi kamar ranar jarrabawa. Da na ba shi amsa ya ce, "Ba laifi. Da na ba ka sha huɗu bisa ashirin." Mariyama na dariya daga cikin gida.

Da muka zauna na yi ƙarfin hali. Na ce, "Mushe, shekaru sun tafi. Wane ne ya jefe ka?"

Ya juyo da gefen da yake gani. "Kai ma ka shiga jandarma ne?"

Na yi dariya, amma ban janye ba.

Ya ce, "Ya zo ya same ni tun da daɗewa. Mun zauna, mun gama. Uban wasu ne yanzu. Bar shi."

Sai ya miƙe ya ce in raka shi. Ashe kwalejin garin zai kai ni. Ya ji an fara 'yar tsama tsakanin ɗiyan manoma da ɗiyan makiyaya kan wata gona da aka yi wa ɓarna, har an yi dambe a bakin lakwal. Ya shiga kilas da sandarsa, malamin ya ba shi wuri. Na ɗauka labarin ranar lambu zai ba su.

Bai ba su ba. Ya dafa ni ya ce, "Wannan ɗalibina ne. A ruga aka haife shi, a gidan Bahaushe ya girma, yau shi ke warkar da shanun ubanninku duka. Ku tambaye shi abin da kuke so." Ya koma benci na ƙarshe ya zauna cikin yara, ya ɗora haɓa kan sanda yana saurare. Da wani yaro ya yi tambaya da Hausa mai karkata aka fara dariya, sai na ji ya buga sandar a ƙasa sau ɗaya. Dariyar ta tsaya.

Ya rako ni har bakin mota, ya tura mini ƙullin busasshen zogale a jaka, wanda akuya ta rage.

Ya ce, "Ka gaida Baffa."

Na ce, "Mushe, ai Baffa ya daɗe da rasuwa. Kai ma ka zo gaisuwa."

"Na sani. Ba a gaida su ne? Ka gaishe shi da Fatiha. Ni ma in na tahi haka za ka riƙa gaishe ni."

Mota ta cika, direba na kira. Mariyama ta ce za su jira ni da jana'izar zuwa la'asar in Allah ya sa hanya ta yi kyau.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka cika shi da haske. Ya tsaya tsakanin yaro da mutuwa, ya rufa asirin wanda ya cuce shi. Ya Allah ka tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa. Ka ba Hajiya Zara da Mariyama da sauran ɗiyansa haƙurin rashinsa.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah kada ku wuce haka nan. Ku ɗan tsaya ku karanta masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. 'Yan lakwal ɗinmu na wancan lokaci, duk inda kuke, ko a wane gefen ƙofar nan kuka tsaya ranar, malaminmu ne mu duka. Ku gaishe shi.

Allah ya jiƙan Mushe Lawali. Amin.